Shekarar da Kwamfutar Ofis Ta Daina Kiran Salla

Akwai maganar da kuka taso kuna ji a kaina, kuma ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku yadda ta faru ba. Yayarku Hadiza ta taɓa dawowa daga Islamiyya tana kuka, wai wata yarinya ta ce mata babanta ne ya kashe kiran salla a Birnin Kebbi. Na share mata hawaye, na aike ta sayen ƙuli, ban ce mata ƙarya ne ba, ban kuma ce gaskiya ne ba. Yanzu kaina ya yi fari, sai na nesanta takarda da fuskata kafin in gane haruffa, don haka gara ku ji labarin daga bakina kafin ku ji shi da gishirin wasu. Zan faɗi wuraren da ban fito da kyau ba, kuma suna da yawa.

A shekarar ina akawu a ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa mai zaman kanta, kusa da Gesse. Ni asalina mai buga tafireta ne. Sai da na haura arba'in na koyi kwamfuta, kuma na koye ta da irin zumuɗin wanda ya makara, har nakan kwafi littattafanta in riƙa bita a gida kamar mai shirin jarrabawa. Aikinmu mafi nauyi yakan zo ne gab da noman rani. Manoma daga Argungu da ƙauyukan fadama sukan cika harabar ofis tun da safe, kowa da katinsa, a rubuta sunansa da girman gonarsa da ko iri yake so ko injin ban ruwa. Wanda sunansa bai shiga ba kafin ranar rufewa, to sai baɗi. Duk wannan aiki a kan kwamfuta ɗaya muke yin sa, tsohuwa, wadda in an kunna ta sai mutum ya gama shan shayi kafin ta farka.

Mu biyu ke zama a gabanta, ni da Madam Rifkatu. Ita Kirista ce daga Filato, mijinta malamin makaranta ne, suna haya a Gwadangaji da 'ya'yansu uku. Yatsunta sun fi nawa sauri nesa ba kusa ba, kuma ba ta barin in manta da hakan. In ta ga ina neman harafi da yatsa ɗaya sai ta ce, Malam Umaru, ka bari in je kasuwa in dawo, ƙila ka same shi. Muna da wani tsari da ba wanda ya rubuta shi, amma kowa ya san da shi: in lokacin salla ya yi, mu Musulmi mu fita masallacin da ke bayan katanga, ita ta karɓi kujera ta ci gaba da shigar da katunan da aka tara, don aiki kada ya tsaya. Ni kuma in Kirsimeti ta zo, ko wani taron cocinsu, in riƙe mata. Shekara huɗu muna haka. Da azumi ban taɓa ganin ta sha ruwa a gabanmu ba.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Namadina, mutum ne mai kirki mai saurin fushi, irin wanda zai yi maka tsawa da safe ya aiko maka da buhun albasa da yamma. Da ya dawo daga aikin hajji sai ya zo da wani faifai, ya sa aka ɗora manhajar da ke cikinsa a kwamfutar ofis. Manhajar kiran salla ce. Lokaci na yi sai ta buɗe da kanta, ta rufe allon gaba ɗaya da hoton masallaci, murya mai daɗi ta tashi. Alhaji ya sa aka ɗora ƙaramar sifika a kan taga don na waje su ji. Ranar farko har addu'a aka yi. Kowa ya ji daɗi, ni ma na ji.

Matsalar ita ce kwamfutar ba ta da ƙarfin ɗaukar abu biyu. Manhajar na buɗewa sai komai ya daskare, linzami ya ƙi motsi, sai an kashe na'urar an sake kunnawa. Duk sunan da aka shigar bai kai ga adanuwa ba, ya tafi ke nan. Azahar da la'asar, kullum. Kuma a kan wa abin ke faɗawa? A kan Madam Rifkatu, domin ita ce a kujera a daidai lokacin. Na gwada rufe manhajar da hannu kafin lokaci, sai bayan 'yan mintoci ta sake tashi da kanta. Na duba saitinta, ban ga inda za a ce mata ta yi kira ba tare da mamaye allo ba. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tari Alhaji da maganar, na fara da cewa na'urar ta tsufa, tana wahala da sabon abin nan.

"Wane abu?" in ji shi. "Kiran salla na ka wahal da ita? Ummaru, kai ɗan liman na hwa. Ka sake tunani."

Ban sake tayar da maganar ba. Na san cire manhajar ba zai yiwu ba, tunda alamarta na nan a kan allo, kore shar, kuma Alhaji yakan leƙa ya gan ta ya yi murmushi.

Abin da ya tunzura ni wani tsohon manomi ne daga can bayan Argungu, wanda sai ya hau kwalekwale kafin ya kai bakin titi. Ranar Laraba aka shigar da sunansa, azahar ta share shi. Ya dawo Alhamis, aka sa shi a ƙarshen layi, la'asar ta sake share shi tare da na wasu. Da muka dawo daga masallaci na tarar da shi tsaye riƙe da hularsa, yana tambayar Madam ko wani laifi ya yi. Ita kuma ta dafe kai da hannu biyu, idanunta sun yi ja. Alhaji ya yi tafiya Sakkwato a satin, sauran kwanaki kaɗan a rufe rajista. Ranar Asabar da hantsi, ba kowa a ofis sai maigadi, na buɗe ƙofa na zauna gaban kwamfutar da littafina.

Abin da na rubuta layi biyar ne kacal. Na farko yana hana umarnin bayyana a allo. Na biyu alama ce ta inda za a riƙa dawowa. Na uku yana ce wa na'urar ta duba manhajojin da ke aiki, in ta ga mai suna kaza ta rufe ta da ƙarfi, ba tambaya. Na huɗu ya ce ta jira daƙiƙa talatin. Na biyar ya mayar da ita layi na biyu. Na adana shi, na saka shi a wurin da duk abin da ke ciki yake tashi da kansa in an kunna na'ura, na kuma ɓoye tagarsa. Manhajar Alhaji na nan, alamarta na nan, amma duk lokacin da ta ɗago kai sai a rufe ta kafin ta yi komai. Na matsar da agogon kwamfutar zuwa minti ɗaya kafin azahar don gwaji, na zauna ina kallon allo. Minti ya cika, ya wuce, allo bai ko girgiza ba. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi sosai. Na ji ni ma na zama wani. Na ce wa raina ai masallaci na bayan katanga, ladani na nan da ransa, ba wanda zai rasa salla, kuma da an rufe rajista zan goge abin. Ban gaya wa Madam Rifkatu ba. Na ɗauka ina yi mata alheri ne a ɓoye.

Litinin da Talata aiki ya tafi kamar ruwa. Tsohon nan ya samu shiga. Madam ta ce ashe na'urar ta warke, ta dube ni ta wutsiyar ido, na yi kamar ina neman wata takarda. Ranar Laraba ne Baba Ɗantani maigadi ya tare ni a bakin ƙofa. Tsoho ne mai nauyin kunne, kuma in ba wuta a unguwa ladani da bakinsa yake kira, ba ya jin sa. Sifikar tagarmu ce ta zama agogonsa, mu da muke da janareta.

"Malam Ummaru, wai mi yas samu ladanin ohis? Yau kwana ukku ban ji shi ba. Jiya sai da anka yi raka'a biyu nig ga mutane sun watse daga ohis, san nan nit tashi."

Na ce masa zan duba. Wannan ce damata ta farko, kuma mafi sauƙi. Da na ce, Baba, ni ne, ga dalili, da ƙila ya yi mini faɗa ya wuce. Sai na ce zan duba.

Alhaji ya dawo ranar Alhamis, kuma kafin ya zauna maganar ta kai masa. Ya tsaya a kaina ya ce in bincika yana kallo. Na buɗe nan, na rufe can, na kewaye wurin da na ajiye layukan nan kamar mai kewaye rami a hanya. Na ce ban ga komai ba, ƙila tsufan na'ura ne. Sai ya yi tambayar da har yau nake jin ta a kunnena.

"To wa ka zama da ita in munka tahi masallaci?"

Madam Rifkatu na gefe tana jera katuna, ta ji, ba ta ɗago ba. Akwai manoma kusan goma a bakin taga, su ma sun ji. Ni na san gaskiyar maganar, tana bakina, na haɗiye ta. Abin da ya cika mini kai shi ne sunan kakanku. Malam ya shekara talatin yana limanci a masallacin unguwarmu a Argungu. Na hango ana cewa ɗan liman ya rubuta wa na'ura umarni ta toshe kiran salla, na hango maganar ta riga ni isa gida.

Daga ranar maganar ta fita daga hannun kowa. Ba wanda ya zage ta a fili, kuma da an zage ta da ya fi sauƙi. Sai dai ka ga manomi ya zo taga, ya ga ita ce a kujera, ya mayar da katinsa aljihu ya ce zai jira Malam. Mai shayin da ke ƙofar ofis ya daina amsa gaisuwarta. Ranar Litinin ta zo a makare, ƙafafunta duk ƙasa, domin mai keken da ya saba ɗauko ta daga Gwadangaji ya wuce ta kamar bai gan ta ba, ta taka rabin hanya. Na ji wasu matasa a layi suna tambayar juna a wane lungu gidanta yake. Wannan ce ta fi tsorata ni. Na san garinmu, mutane ne masu haƙuri da baƙo, amma na kuma san yadda magana irin wannan ke girma in ta samu baki biyu uku marasa aikin yi. Ita kuwa kullum sai ta ce, ina kwana Malam Umaru, in ce lafiya lau Madam, mu zauna kafaɗa da kafaɗa mu yi aiki.

Abinci ya daina shiga mini. Innarku ta lura, don ba a ɓoye mata komai. Wata yamma bayan la'asar tana tankaɗe a tsakar gida, ku kuna waje, na faɗa mata duka. Ta ajiye rariya.

"Malam, mi yak kai ka?" in ji ta. Sannan ta rage murya. "Ɗiyanka shidda. In kac ce kai na, Alhaji ba shi barin ka, kuma gidan ga na ƙungiya na. Ba ka iya mai da abin yadda shike ba tare da kowa ya sani ba? In ya dawo kira, ai magana ta mutu."

Kada ku ga laifinta. Tsoro ne na uwa, kuma abin da ta faɗa shi ne abin da nake son ji. Washegari na riga kowa zuwa, na goge layukan biyar, na sake kunna na'ura. Na ji kamar an sauke mini kaya.

Abin da ban sani ba shi ne, a yammar da ta gabata, bayan na tashi, Alhaji ya kira Madam Rifkatu ofishinsa, ƙofa a buɗe, ya ce mata in ita ta taɓa abin, ya ba ta kwana ɗaya ta mayar. Da azahar ta yi, muna alwala a bakin famfo, sai murya ta tashi daga taga, a sarari, kamar ba ta taɓa ɗaukewa ba. Mutane suka tsaya da butoci a hannu. Wani a bayana ya ce, kun gani, da anka tsoratar da ita ga shi ta mai da. Na ji ruwan alwalar ya yi sanyi a hannuna. Da hannuna na ba su shaidar da ba su da ita jiya. Da muka dawo, na'urar ta daskare kamar da, Madam na zaune gabanta hannuwanta a cinya, kuma Alhaji ya ce ta tafi gida sai kwamiti ya zauna ranar Litinin.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Argungu. Duk hanya ina kallon fadama, mutane sun duƙufa suna gyaran kwamin shinkafa, ina shirya yadda zan fara magana, ina rushewa. Na tarar da Malam a zaure kan buzunsa, idanunsa sun riga sun fara rauni a lokacin. Na gaishe shi, na zauna ƙasa, na bayyana masa abin da kwamfuta take, da manhaja, da layuka biyar, ina ta tsawaita bayanin na'ura don in jinkirta isa wurin matar. Ya bar ni har na gama.

"Ni ban san na'ura ba," in ji shi. "Amma ka gaya min, akwai wanda yab bar salla sabadda abin ga?"

Na ce Baba Ɗantani ya rasa raka'a biyu sau ɗaya.

"Wannan ka nemi gahwaratai. Kuma ka yi kuskure da kay yi shi ɓoye. To ita matar, kwana nawa ke nan ana cewa ita ta?"

Na ƙirga a zuci na ce tara.

"Kuma kana wurin?"

Na ce ina wurin.

Ya juyar da fuskarsa wajen bango. Ban taɓa ganin ya yi mini haka ba, ko ina yaro. Na ce masa sunansa nake karewa, ina tsoron abin da za a ce a masallacinsa. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, shi bai aike ni in kare masa suna da mutuncin matar mutane ba, kuma kada in sake shigowa zauren sai na faɗi gaskiya a gaban waɗanda na yi shiru a gabansu. Ko ruwa ban sha ba a gidan ranar.

Litinin kwamiti ya zauna a ƙarƙashin rumfar harabar ofis, dattawa bakwai da Alhaji, manoma kuma sun kewaye. Madam Rifkatu ba ta zo ba, mijinta ya aiko da takarda cewa ba ta da lafiya. Kafin a fara na miƙe. Na ce ni ne na rufe manhajar, ni kaɗai, Madam ba ta sani ba, kuma ni ne na mayar. Wani dattijo ya ce ƙarya nake, rufa mata asiri nake yi don abokiyar aikina ce. Sai na roƙe su su shigo ciki. Suka cika ɗakin har taga. Na zauna na sake rubuta layukan biyar a gabansu, ina karanta kowane ɗaya ina fassara shi da Hausa: wannan ya ce duba, wannan ya ce rufe, wannan ya ce jira, wannan ya ce koma. Sauran minti kaɗan azahar, na ce mu jira. Ban taɓa jin mintoci masu tsawo irin waɗannan ba. Lokaci ya yi, allo bai motsa ba, sai muryar ladani ta zo daga bayan katanga ita kaɗai. Ba wanda ya dube ni da muka fita alwala, kuma a sahu an bar ɗan fili tsakanina da na kusa da ni.

Alhaji bai yi mini tsawa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce da na zo masa da hujja sau biyu sau uku, da ƙila ya saurara, amma na zaɓi in yi masa wayo a ofishinsa, na kuma tsaya ina kallo ya zalunci baiwar Allah da bakinsa. Ya ce in ajiye makullai. Cikin wata guda muka bar gidan Gesse muka dawo Argungu, shi ya sa ku ƙanana a nan kuka yi wayo. Na buɗe ɗan shagon buga takardu a bakin kasuwa, da shi na riƙe ku. Maganar ta biyo mu kamar yadda na ji tsoro, kuma a hanya ta zubar da rabinta, ba wanda ya riƙe zancen manoma ko na'ura mai daskarewa, sai ɗan liman da kiran salla. Wasu sun daina bin Malam salla na ɗan lokaci. Bai taɓa ambata mini ba, kuma ranar da na koma zaurensa shi da kansa ya matsa mini wuri a kan buzu.

Amma kafin mu tashi daga Birnin Kebbi, kwana biyu bayan zaman kwamiti, na hau keke zuwa Gwadangaji. Alhaji ya riga ya aika mata cewa ta dawo aiki, na kuma ɗauka zan je ne in ba ta haƙuri mu rabu lafiya. Na tarar da mota a ƙofar gidan, an ɗora katifu da tukwane, ana ɗaure su da igiya. Mijinta ya gan ni, ya san ko ni wane ne, duk da haka ya kawo mini kujera da ruwa. Ya ce a satin da ya wuce an jefi rufin ɗakinsu sau biyu, kuma ƙaramar 'yarsu ta daina yarda ta fita ko ƙofar gida. Ya samu canjin wurin aiki zuwa gida, can Filato. Ya ce ba su riƙe garin da komai ba, maƙwabtansu Musulmi ne suka riƙa kwana a ƙofarsu, amma yarinyar ba ta barci.

Madam Rifkatu ta fito da tsintsiya a hannu. Ta rame. Na durƙusa, ni da na girme ta da shekara goma, na fara bayanin da na shirya, cewa ni ne, cewa don in sauƙaƙa mata na yi.

"Na sani, Malam Umaru," in ji ta. "Tun ranar Talata ta farko na sani. Na ga fayil ɗin. Wa zai rubuta shi in ba kai ba? Har kuskuren da kake yi na barin fili biyu tsakanin kalmomi yana ciki."

Na ce to me ya hana ta faɗa, ranar da Alhaji ya kira ta, ko ranar da mai keke ya wuce ta.

"Na yi tunani," ta ce. "Ni in abin ya yi zafi ina da inda zan tafi. Kai nan ne garinku, ga babanka, ga yaranka. Na ce bari in ba ka lokaci ka faɗa da bakinka, zai fi maka sauƙi. Kullum da safe in na gaishe ka, sai in ce yau zai faɗa."

Ta ce ta yafe, ta ce in gai da Innarku, ta koma ciki ta ci gaba da sharar ɗakin da za ta bari. Na tsaya na taya mijin ɗaure igiya, don ban san me zan yi da hannuwana ba, har motar ta tashi.

Ban sake ganin ta ba. Na yi cigiya sau da yawa wurin direbobin da ke zuwa can, ba wanda ya san inda suka sauka. In wani ya sake ce muku babanku ya kashe kiran salla, ba sai kun yi gardama ba, ku ce ya rufe wata manhaja a tsohuwar kwamfuta, ya kuma yi kuskure da ya yi a ɓoye. Amma in ya tsaya zai saurara, ku gaya masa sunan Rifkatu, ku gaya masa kwana goma sha ɗaya ta yi tana kare babanku da shirunta, shi kuma yana zaune kusa da ita yana kare kansa.